Larabar Maman Biyu

Kafin ƙarfe bakwai na safe Maman Biyu ta canja famfas uku, ta goge madarar da ta zube a kafet, ta raba faɗan 'yan biyunta a kan cokali ɗaya. Shekararsu uku. Auta mai wata takwas tana goye tana jan gashinta. Gidansu ɗaki biyu da falo ne a hawa na uku, babu inda yaro zai fita ya yi guje-guje. Ko banɗaki ta shiga, sai ta ga ƙananan yatsu sun leƙo ta ƙarƙashin ƙofa.

Mijinta mai gyaran firiji ne, kowa Injiniya yake ce masa. Auren soyayya suka yi, kuma har yanzu yana sonta, sai dai son nasa da sassafe yake fita, ya dawo bayan magariba yana hamma. Mahaifiyarsa, Mama, tana zaune da su tun rasuwar mijinta. Gwiwarta ce ke ciwo, idonta kuwa lafiya lau.

Ranar Laraba kaɗai Maman Biyu ke fita. Bayan haihuwar Auta jininta ya hau, likita ya ce ta riƙa zuwa awo duk mako. Mama ke riƙe yaran na awa biyu, tana mita tun daga fitarta har dawowarta.

Wata Talata da yamma 'yan biyu suka zazzage jakar uwarsu a falo. Mama ta tsinci katin asibitin, ta gyara tabarau ta duba. Ba ta ce komai ba sai da ɗanta ya shigo.

"Zo ka karanta mini ranar ƙarshe da nas ta sa hannu a nan."

Ya duba, ya sake dubawa. "Wata huɗu ke nan... an ma rubuta an sallame ta."

"To ina matarka take zuwa duk Laraba? Ta bar ni da gwiwa ɗaya ina bin yara uku!"

Maman Biyu tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu.

"Faɗa mini mana," in ji Injiniya. "Ina kike zuwa?"

"Asibiti nake zuwa, Baban Biyu. Wallahi asibiti."

"Yin me?"

Tana da amsa, amma kunya ta riƙe mata harshe. Hawaye kawai ke zuba.

"Ka gani ko?" Mama ta tafa hannu. "Ni takwas na haifa, ban taɓa sanin hanyar yawo ba. Ko ta faɗa, ko ta bar gidan nan. Yara dai namu ne!"

Sai ya faɗi abin da bai taɓa zaton zai fito daga bakinsa ba: "Wane ne shi?"

Ludayin ya faɗi ƙasa.

"Na ba ki zuwa gobe da yamma," ya ce. "In ba ki faɗa ba, ki haɗa kayanki."

Washegari ƙarfe tara ta sa mayafinta ta fita kamar kullum, don ba ta da wani wurin da za ta kai baƙin cikinta. Injiniya bai buɗe shago ba. Ya bi ta daga nesa, zuciyarsa na tafasa.

Asibitin ta shiga. Ba ta karɓi lamba ba, ba ta shiga layi ba. Ta wuce masu jira har bencin ƙarshe da ke bayan matakala, ta cire takalmi, ta rungume jaka, ta jingina kai da bango. Cikin minti biyu barci ya ɗauke ta, fuskarta a kumbure da kuka.

Ya laɓe yana jiran mutumin ya iso. Minti ashirin, rabin awa, babu kowa.

"Malam, ɗaga ƙafa in goge," in ji wata dattijuwa mai shara. "Kuma a hankali — kar ka tashe mini ita."

"Kin san ta ne?"

"Duk Laraba nan take kwana. Ranar da nas ta ce mata ta warke, ba sai ta sake zuwa ba, a nan na same ta tana kuka, wai to ina za ta riƙa zuwa? Na ce ga benci, 'yata. Sha ɗaya saura kwata nake tashinta ta koma." Ta matse tsumma a bokiti. "Ta ce a gidansu ba ta taɓa rufe ido ba a kira ta ba. Ban san mijin ba, amma Allah ya shirye shi."

"Ni ne mijin."

Ta kalle shi sama da ƙasa. "To Allah ya shirye ka."

Ya zauna a gefen bencin. Sai yanzu ya ga yadda wuyanta ya rame, da yadda ruwan wanki ya tsattsage mata hannu. Motsinsa ya farkar da ita. Ta zabura a firgice.

"Wa ke wajen yara?"

Wannan tambayar ce ta karya shi. Ya rufe fuska ya yi kuka kamar ƙaramin yaro.

"Me ya hana ki faɗa mini? Barci fa! Barci kawai!"

"In ce me? In tsaya gaban Mama in ce 'ya'yana nake gudu?" Ta share ido da gefen mayafi. "Zargin da ka yi mini ƙarya ne, zan iya ɗauka. Wannan kuwa gaskiya ce. Ina sonsu kamar raina, amma wani lokaci in suka kira ni sai in ji kamar in toshe kunne. Wace irin uwa ce haka?"

"Uwar da mijinta ya bar mata komai. Ki yafe mini, don Allah."

Ta yafe, amma "wane ne shi" ya daɗe yana yi mata ciwo, kuma ya sani. Daga ranar ya daina buɗe shago safiyar Laraba. Shi ke da yara har azahar, ita ta rufe ɗakinta, ba mai ƙwanƙwasawa. Haƙurinta ya yi mata rana, sai dai saura kaɗan shirunta ya raba ta da 'ya'yanta. Gajiyar uwa ba rashin so ba ce, kuma duk mijin da bai tambayi matarsa ko ta gaji ba, wata rana tambayar banza zai yi mata.

Mama dai ba ta ba da haƙuri ba. Da aka faɗa mata, cewa ta yi, "Barci? Matan yanzu!" Amma wata Laraba Injiniya na yi wa 'yan biyu wanka, Auta ta rarrafa zuwa ƙofar ɗakin uwarta tana kuka. Mama ta dafa kujera ta miƙe, ta ja gwiwarta har can, ta ɗauke yarinyar ta rungume.

"Ƙyale ta ta huta," ta ce a hankali, idonta ya ciko. "Ni babu wanda ya taɓa ƙyale ni."