Muryar da ke Cikin Randar Jummai

Yammacin da abin ya soma bai bambanta da sauran ba. Rana ta sauka bayan gonakin geron da ke gangaren kwarin Tarka, awaki suka shigo, Raishatu ta ɗaure su. Mahaifinta Attahir ya idar da sallar magariba, ya ja tabarmarsa zuwa gindin randa kamar kullum, ya danna maɓalli.

Su biyu suka rage a gidan. Matarsa Jummai ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Ɗansu Almustafa ya bi hanyar Agadas zuwa Libiya neman aiki, ya yi wata biyar yana aiko da saƙon murya ta salula, daga nan shiru. Shekara biyu ke nan ba wanda ya ce ya gan shi a raye ko a mace. Salular ma ta lalace. Abin da ya saura na Almustafa a duniya saƙonni bakwai ne a cikin memuwar, wato ɗan katin ajiya na salula, wanda bai kai farcen yatsa ba.

Ga shi kunnen Attahir ya yi nauyi, sai an yi masa ihu yake ji. Shi ya sa ya je wurin Falalu mai gyaran rediyo a kasuwar Belbeji, aka haɗa masa ampli, na'urar ƙara sauti, ƙarami irin mai araha, wanda tafin hannu zai iya rufewa, da lasifika biyu, da wufa, wato babbar da ke fitar da murya mai kauri, sai batir da faifan sola. Da aka kunna, maƙwabta duk suka ji, mai kayan kuwa bai ji komai ba sai tsuwwa. Falalu ya ce ai da sauƙi, a kifa wufar a bakin randa a liƙe gefen da tsumma, yadda masu shayi ke yi, cikin randar zai ƙara wa muryar nauyi.

Randa ɗaya ce babu ruwa a gidan, ta Jummai, wadda ta gada wurin uwarta. A kife take a kusurwar gida tun kafin a haifi yaran, kuma Jummai ba ta taɓa yarda a tayar da ita ba. Raishatu ta tuna masa. Attahir ya ce wannan zancen mata ne, ya tayar da ita da hannunsa. Dabarar kuwa ta yi. Muryar Almustafa ta biyo ƙasa, ta ratsa tabarma, ta shiga ƙirjin tsohon: “Baba, ina lafiya, kada ka damu.” Tun ranar, kowace magariba saƙonni bakwai ne, a ƙare a sake, har batir ya mutu. Raishatu, wadda ta dawo gida bayan mutuwar aurenta don ta kula da shi, ta zama kamar turmin da ke tsakar gida, ana wuce ta ba a kallo. Abin yana ci mata rai ƙwarai, amma ba wanda za ta gaya wa.

A yammacin da abin ya soma kuwa, kwana uku ke nan hadari yana rufe rana, batir bai sha caji ba. Almustafa ya kai tsakiyar saƙo na biyu, muryar ta ja, ta yanke. Gidan ya yi tsit. Awaki suka daina tuƙa.

Sai tsakuwa ta faɗo a gaban tabarma. Wata ta bi ta, ta bugi kwanon rufi. Raishatu ta leƙa bayan danga, babu kowa, sai gero yana tsaye. Ta uku ta ɗauka da hannunta, ta ji ta da sanyi da laima, kamar daga ƙasan tulu aka ciro ta.

“Baba, mu shiga ɗaki,” ta ce da ƙarfi.

Bai ji ba. Yana ta murɗa maɓallin ampli.

Haka aka yi ta yi. Ranar da batir ya cika, gida lafiya lau. Ranar da muryar ta yanke da wuri, jifa har isha'i. A mako na biyu wata rana aka wuni ana ruwa, ampli bai ko kama ba, kuma ba a yi jifa ba. Attahir ya juyo sai ya ga Raishatu a tsugune jikin randa, ta rungume ta, idanunta a buɗe ba sa ƙiftawa. Bakinta ya motsa, wata murya mai kauri ta fito daga can cikin cikinta.

“Baba, ina lafiya, kada ka damu.”

Ta faɗi saƙonni bakwai ɗin daki-daki, har da tarin da Almustafa ya yi a na biyar. Attahir ya ji kowace kalma. Shekara biyu ke nan rabonsa da ya saurari wata magana daga bakin 'yarsa, ga shi ya saurara, kuma ba ita ce mai maganar ba. Daga ranar ta daina ci, ta daina barin gindin randa.

Attahir ya aika a kira Malam Alhassan mai ruƙiyya, ya zo daga Tanut a motar kasuwa, dattijo ne siriri marar gaggawa. Bayan la'asar ya sa turare a kasko, ya zauna nesa kaɗan da ita, ya soma karatu. Ya daɗe yana yi. Can jikin Raishatu ya ɗau rawa, ta ɗago kai, wata murya da ba tata ba ta fito daga bakinta.

“Ya isa, malam. Kana ƙona ni.”

“Wace ce ke, baiwar Allah?”

“Mai randa. Ina ciki tun kakar yarinyar nan tana amarya. Dangina sun bi masu raƙuma arewa a shekarar babban fari, suka bar ni don na tsufa. Jummai ta san da ni. Takan jingina da randa tana tsinkar zogale tana ba ni labarin gari. Ta mutu, na yi shekaru ban ji kowa ba. Sai aka buɗe ni, aka zuba mini muryar yaro. Na saba da ita, malam. In ta yanke, ba na iya zama.”

“To me yarinya ta yi miki?”

“Ba ta yi mini komai ba. A buɗe na same ta. Ba mai kiran sunanta a gidan nan. Ita kaɗai, ni kaɗai.”

Attahir ya sunkuyar da kai.

“Za ki fita,” in ji malam.

“A bar mini ita, zan riƙe ta da kyau.”

“Ba a bar miki ba.”

“To a yanka mini baƙin bunsuru.”

“Ba a yanka don kowa sai Allah.” Ya ci gaba da karatu, ta yi ƙara, ta dafe ƙasa da hannu biyu.

“Tsaya! A ba ni randata, a ba ni yaron. Ɗan abin nan da muryar ke ciki, a jefa shi a randa, a kai ni gindin aduwar da ke cikin kwari, a kife ni, kada a sake tayarwa. Kafin rana ta faɗi. In ta faɗi ina jikinta, na zauna ke nan.”

Malam ya ce a yi musu haƙuri zuwa gobe, a kai katin Belbeji a kwafe muryar tukuna. Ta yi dariya marar daɗi, ta ce ita ba ta san gobe ba. Malam ya dubi rana, ta kusa taɓa kan gero. Ya matso kusa da kunnen Attahir.

“Ka ji abin da ta ce. Zan iya ci gaba da karatu, amma jikin 'yarka ya yi rauni, ina tsoron ba zai ɗauka ba. Kati naka ne, 'ya taka ce.”

Attahir ya yi shiru. Ya dubi ampli. Ya sa yatsa a kan katin, bai zare ba. Inuwar danga ta tsallake turmi, ta kai bakin tabarma, yana nan zaune. In ya ba da shi, ba zai sake jin ɗansa ba har ya koma ga Allah, ya san wannan. Ya danna maɓalli ko zai ji sau ɗaya na ƙarshe, batir babu komai.

“Attahir,” in ji malam, “rana.”

Ya zare katin. Ya ɗage wufar daga bakin randa, ya sake shi ciki, ko ƙararsa bai ji ba. Raishatu ta yi atishawa sau uku, ta sulale ƙasa. Shi da malam suka ɗauki randar zuwa kwari, kuma ta yi musu nauyi fiye da yadda randa marar ruwa ya kamata ta yi. Suka kife ta a gindin aduwa, rana na faɗuwa.

Ba a sake jifa a gidan ba. Malam ya koma Tanut da safe. Kwana uku Raishatu tana kwance tana shan kunu, a na huɗu ta tashi ta hura wuta. Da magariba ta kawo tuwo ta ajiye gaban mahaifinta, ta durƙusa daidai kunnensa mai ɗan sauƙi.

“Baba, ina ciki fa ranar nan. Ina jin komai. Na ji lokacin da malam ya tambaye ka, na ji tsawon shirun da ka yi.”

Ya ji sarai. Hawaye ya gangaro masa cikin gemu, ya rasa inda zai sa idonsa.

“Ban ji ba, Raishatu,” ya ce. “Matso, ki sake faɗa.”

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta matso, ta zauna a gefen tabarmarsa, ta tura masa kwanon.

“Cewa na yi ka ci, Baba, kada ya huce.”