Kwamfutar Ɗakin Ƙarƙashin Bene

Rana ta kusa faɗuwa, hasken da ke shigowa ta tagar falo ya koma ja, Maman Tsuntsuwa tana ninke kayan da ta kwaso daga shanya, sai wani abu ya faɗo a tsakiyar tebur. Ɗan dutse ne, bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Ta ɗauka za ta jefar, ta sake shi ba shiri, domin da zafinsa kamar yanzu aka tsamo shi daga murhu. Taga a rufe take, ƙofa ma a rufe. Kafin ta gama waige-waige wani ya sake faɗowa, wani kuma ya daki kofin ruwa. Gidan ya yi tsit, ba abin da ake ji sai gurnanin kwamfutar mijinta daga ɗakin ƙarƙashin bene.

Ta kira 'yarta, shiru. Wannan shirun ya fi duwatsun ɗaga mata hankali, domin ba a banza ake ce wa yarinyar Tsuntsuwa ba: bakinta ba ya hutawa, ƙafarta ba ta zama wuri ɗaya. Ta same ta zaune a bakin ƙofar ɗakin ƙarƙashin bene, gumi ya jiƙa ta sharkaf, idanu a buɗe amma ba ta kallon kowa.

"Mama, bayana," in ji yarinyar a hankali.

Uwar ta ɗaga mata riga. A tsakiyar bayan akwai jan tabo zagayayye mai layi-layi, irin shatin ragar fanka.

To, bari a faɗi yadda aka yi kwamfuta ta shiga wannan ɗakin, don daga nan matsalar ta faro. Mijin nata, wanda maƙwabta ke kira Mai Katun, zanen katun ne sana'arsa. Shekara da shekaru yana fama da ƙananan ayyuka, sai ga wani kamfanin littattafan yara ya ba shi babban aikinsa na farko, ɗan gajeren fim, aka kuma sa masa ranar da zai miƙa. Zane kam ya iya. Abin da ya gagare shi shi ne renda, wato a bar na'ura ta yi ta fitar da hotunan fim ɗaya bayan ɗaya, da haskensu da inuwarsu. Tsohuwar kwamfutarsa kuwa hoto ɗaya sai ta wuni a kansa tana nishi. Dole ya haɗa sabuwa, ga shi abin hannunsa bai taka kara ya karya ba.

Mai shagon kayan kwamfuta dattijo ne da ba ya rufa-rufa. Ya ba shi shawara ya raba ɗan abin nasa daidai: matsakaicin katin hoto, wanda shi ne ke ɗaukar nauyin renda, sai furosesa ta hannu, wato ƙwaƙwalwar na'urar, ram gwargwado, wato ma'ajiyar aikinta ta wucin gadi, sannan akwati mai wadatattun fankoki. Ya ce na'urar renda kwana take tana aiki, zafin nan kuma dole ya sami hanyar fita. Mai Katun yana ta gyaɗa kai, amma idonsa na kan wani jibgegen kati na hannu da ke cikin gilashi. Ka san mutum in ya ƙyalla ido, kunnensa ya toshe ke nan. Ya zuba kusan komai a kan katin, ya tsinci furosesa da ram da abin da ya rage, akwati da fankoki kuwa ya ce a bar su sai wani jiƙon. Dattijon ya ce, "Maigida, wannan katin tanda ce. Ina za ka kai zafinta?" Shi kuwa ya yi dariya ya ce zai san yadda zai yi.

Ai kuwa ya san yadda ya yi. Ya cusa katin cikin wani tsohon akwati da ya yi masa kaɗan, murfin gefe ya ƙi rufuwa, ya bar shi a buɗe. Da aka kunna, falo ya zama gidan burodi, ga ƙara ba a jin maganar juna. Matar ta ce ko dai kwamfuta ko su. Sai ya kinkime ta ya kai ɗakin ƙarƙashin bene, ɗan kurkukun da ba taga, wanda tun da suka kama hayar gidan ba wanda ya taɓa kaiwa kusurwarsa ta ciki. Ko sallama bai yi ba. Ya juya buɗaɗɗen gefen ya fuskanci kusurwar mai duhu, ya jawo doguwar waya ta ƙarƙashin ƙofa zuwa allonsa a falo, ya ja ƙofa ya rufe. Har yana yi wa kansa kirari wai ya yi dabara.

Tun daga yammacin da duwatsu suka fara faɗowa, Tsuntsuwa ba ta sake barin bakin ƙofar nan ba. In aka ɗaga ta, sai ta sandare ta yi nauyi kamar buhun siminti, tana ihu har muryarta ta dishe. Dole aka shimfiɗa mata a wurin, a kife, don bayanta ba ya taɓuwa. Ma'aikaciyar jinya da ke maƙwabtaka da su ta zo ta duba, ta ce ƙuna ce, ta ba da man shafawa, amma kullum tabon ƙara faɗi yake yi. Da rana gidan lafiya lau. Da zarar rana ta sunkuya, sai duwatsu masu zafi su fara, wani lokaci har da ƙananan sukurori irin na jikin kwamfuta. Kuma a cikin gurnanin na'urar, in ka kasa kunne sosai, akwai wani siririn kuka kamar na jariri da ya gaji.

Matar ta roƙe shi ya kashe abin nan. Ya ce mene ne haɗin kwamfuta da ciwon yarinya? A ransa kuwa tsoro ne fal, don shi ma yana jin kukan. Amma aikin ya zo gangara, saura fitowa ta ƙarshe, inda yarinyar katun ɗin, wadda fuskar Tsuntsuwa ya kwaikwaya ya zana ta, za ta fita daga wani ɗaki zuwa lambu mai ganye da ruwa da hasken rana. Wurin nan ne ya fi ko'ina cin aiki. In ya kashe, ranar miƙawa ta wuce shi, kuma ba shi da wani abin da zai koma wa. Sai ya zauna gaban allo ya zuba ido, yarinyar katun ta ɗaga ƙafa a bakin ƙofa, na'ura na jan ta a hankali a hankali, 'yarsa ta gaske kuma tana nishi a bayansa. Allah sarki, bai iya kallon ko ɗayansu da kyau.

Matar ba ta sake neman shawararsa ba, ta kira kawunta, wani tsohon malami da ya san kan irin wannan lalura. Ya iso daidai faɗuwar rana. Dutse ya faɗo kusa da ƙafarsa, ya kalle shi kawai ya tsallake. Ya zauna kusa da yarinyar ya daɗe yana karatu a hankali. Can sai Tsuntsuwa ta ɗago kai, ta juyo, kuma idanun da suka kalle su ba nata ba ne.

"Baiwar Allah, wace ce ke, me kike nema a jikin yarinya?" in ji Malam.

Muryar da ta fito ta babbar mace ce, a gajiye, a dishe. Ta ce ita mazauniyar kusurwar nan ce tun kafin su san gidan. Ba ta taɓa tsokanar kowa ba, yarinyar ma ta sha wucewa da gudu tana waƙa ba ta ce mata uffan ba. Sai rana ɗaya aka shigo da wuta aka saita ta a kan shimfiɗar jaririyarta, aka rufe ƙofa, dare da rana.

Malam ya ce ai sai ta ɗauki 'yarta ta canza wuri.

"In kai ta ina? Fatar bayanta ta saɓule, hannu ba ya taɓa ta. Ko goya ta ba na iyawa."

Ya ce ta ji tsoron Allah, wannan yarinyar ba ta yi mata komai ba.

"Tawa me ta yi?"

Mai Katun ya durƙusa, ya roƙi a ba shi kwana biyu kacal, aikin ya ƙare ya kwashe kayansa. Aljanar ta yi wata 'yar dariya mara daɗi, ta ce tata ba za ta kai kwana biyu ba, kuma duk inda tata ta je, tasa za ta bi. Ta ce a farfasa abin a gabanta. Malam ya ce wannan kuma ta zarce, da abin nan mutumin ke ciyar da iyalinsa. Aka yi ta ja, tana kuka tana zagi, shi kuwa bai ɗaga murya ba. A ƙarshe aka tsaya a kan cewa za a kashe yanzu, a fitar da shi, a bar mata ɗakin a rufe har 'yarta ta warke ta tashi, ita kuma ta saki yarinyar nan take. Ta ce ta yarda, amma wanda ya kunna shi zai kashe da hannunsa.

Mai Katun ya kalli allo, ƙafar tana nan a sama. Ya tashi ya buɗe ƙofar da rabonsa da ita tun ranar da ya rufe. Hucin da ya buge shi sai da ya ja baya, numfashinsa ya ɗauke, idonsa ya kawo ruwa. Bangon kusurwar har ya yi baƙi. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Ya yi sallama, ya lalubi soket ya zare waya. Gurnanin ya mutu, siririn kukan ya ɗan ci gaba, sannan ya lafa. A bayansa Tsuntsuwa ta yi atishawa, ta fashe da kuka da muryarta ta gaske, ta ce a ba ta ruwa.

Kamfanin bai jira shi ba, aka ba wani aikin, kuma ba su sake nemansa ba. Ya ɗauki jibgegen katin ya koma wurin dattijon, aka musanya masa da matsakaici da akwati mai fankoki. Dattijon ya daɗe yana kallonsa ta saman tabarau. Sabuwar na'urar ya ajiye ta kusa da taga, tana aikinta sannu a hankali ba hayaniya, ya koma ƙananan ayyukansa. In ta sami sarari sai ya ba ta fitowar ƙarshen nan, duk da ba mai jiran ta.

Ranar da ta kammala, da yamma, ya kira su su gani. Tsuntsuwa ta haye cinyarsa tana ta zuba surutu, tabon bayanta ya koma ɗan duhu kawai. Yarinyar katun ta sauke ƙafarta a kan ciyawa, ta ruga cikin lambu. A daidai nan ƙofar ɗakin ƙarƙashin bene ta buɗe da kanta, a hankali, iska mai sanyi ta ratsa falon ta nufi ƙofar waje. Tsuntsuwa ta yi shiru, ta bi wani abu da ido har bakin ƙofa.

"Baba," ta ce, "yau ta goya ta."