Buhunan Gishiri da Kujerar Yaya

A can wani zamani, ni da yayana muna tuƙa wata babbar mota. Kullum yakan ce, "Kaya mai nauyi gaban tayoyin baya, ba bayansu ba, kada kan mota ya ɗaga a tudu mu kife."

Da ya rasu, sai na fara fita da motar ni kaɗai. Wata mai gishiri ta ce, "Ɗana, zuba buhunan nan bakin ƙofar baya mu yi sauri, kasuwa za ta watse."

Na ce, "Inna, gaban tayoyin baya, ba bayansu ba."

Ta ce, "Taurin kan yayanka ka gada."

Na jera su ciki, tana ta mita. Muka hau tudu, kan mota bai ɗaga ba. Na juya in gaya wa Yaya, sai na ga Inna ce zaune a kujerarsa.