Ɗumi Huɗu a Cikin Bango

Da hantsi maigidan ya toshe wani rami a bangon bayan kicin da siminti. Ma'aikacin kashe gobara ne, ba ya son ganin ɓaraka a gida. Ana shirin magariba, dutse na farko ya sauka a kan kwanon rufi.

Ya leƙa waje, babu kowa. Na biyu ya faɗo tsakar gida. Matarsa ta tsaya cak da ludayi a hannu. Sai suka ji Auta, 'yarsu mai shekara goma sha ɗaya, tana kartar bangon ɗaki da farce, tana wani siririn kuka da ba irin na mutane ba.

Haka ta wuni washegari, ko ruwa ba ta sha ba. Da yamma aka ɗauko kawun matar, tsoho masanin ruƙiyya. Ya zauna kusa da kanta ya daɗe yana karatu, kafin bakin yarinyar ya buɗe da muryar tsohuwa.

"Ya isa, Malam. Ƙona ni kake yi."

"Wace ce ke?"

"Maƙwabciya. Na riga harsashin gidan nan zama."

"Me yarinya ta yi miki?"

"Tambayi ubanta. Kyanwa ta bar mini amanar 'ya'yanta, ya shafe su da siminti. Ya rufe huɗu, na riƙe ɗaya."

"In an fito da su fa?"

"Da ransu, in tafi. In ɗaya ya mutu, na zauna ke nan."

Maigidan ya ruga bayan kicin. Ya fasa simintin ya zura hannu, wayam. Sun rarrafa can cikin kogon bulo, kuma guduma ɗaya a inda bai dace ba ta isa ta gama da su.

Ya ɗauko na'urar wurin aikinsa, wadda ke nuna ɗumin jiki ko a cikin hayaƙi. Ya bi bangon da ita a hankali. Shuɗi, shuɗi, sai ga ɗigo uku jajaye a dunƙule. Na huɗun yana can gefe, ya dushe har da ƙyar ake ganinsa.

Daga na huɗun ya fara. Ya riƙa ɓantarar bulon da kurfin sassaƙa kaɗan-kaɗan har yatsunsa suka yi jini. Abin da ya ciro sanyi ƙalau, ko motsi babu. Ya miƙa wa matarsa kurfin ta tono sauran, shi kuwa ya cusa wannan cikin rigarsa yana murzawa, yana hura masa numfashi.

Can, aka ji ɗan kuka a ƙirjinsa. Matar ta ciro sauran ukun da ransu, aka haɗa su a kwali.

A ɗaki Auta ta yi atishawa sau uku, ta nemi ruwa. Da ta ga abin da ke cikin kwali, ta tambaya da muryarta ta kullum, "Baba, na wane ne?"

Kawu yana saka takalmi ya ce, "Na maƙwabta ne. Ku riƙe su da kyau."