'Yar Muƙaddami da Mai Gyaran Lasifika

Da hantsin wata Alhamis Radiya ta fito ƙofar gidansu da ke unguwar Kwarbai ɗauke da kwanon fura, ta tarar da wani saurayi a kan tsani yana kwance lasifikar zawiyar babanta. Saura kwana uku Maulidi, ita kuwa lasifikar sai shaƙewa take kamar mai mura.

"Sannu da aiki. Baba ya ce a kawo maka."

Ya waiwayo zai amsa, sukundireba ta suɓuce masa ta faɗa tsulum cikin furar. Dariya ta ƙwace wa Radiya har ta rufe baki da mayafi.

"To, ita ta riga ni sha," in ji shi.

Sunansa Suhaib, shagonsa na wajen Kufena. Da ya sauko ta lura da wandonsa ɗangalalle, ta gane ɗan Izala ne.

"Kai da ba kwa Maulidi, kake gyara mana lasifika?"

"Ai da ita ake kiran salla sau biyar, ranki ya daɗe. Ga lambata nan a jikin na'urar. In ta sake shaƙewa a kira ni."

Sati guda Radiya tana jira lasifikar ta lalace, ta ƙi. Da ta gaji sai ta rubuta masa: "Salam. Lasifika lafiya lau. Na ce bari in sanar da kai."

Amsa ta zo nan take: "Alhamdulillahi. Amma mai gyaran ne ya lalace tun ranar Alhamis, Gimbiyar Kwarbai."

Daga nan abin ya kankama. Tana kiransa Injiniyana, shi kuma kullum da safe sai ya tambaya ko ta idar da laziminta kafin ya dame ta da kira. Wannan tambayar ce ta fi komai shiga ranta.

Ranar da mahaifiyarta ta kai maganar auren gaban baban Radiya, Malam Ɗahiru, muƙaddamin Tijjaniyya da ake ji da shi a unguwar, tambaya ɗaya ya yi: "Ɗan wane ne?"

"Ɗan Alhaji Ƙasimu."

Malam ya ajiye carbinsa. Tare suka yi karatu da Ƙasimu a zauren marigayi Malam Abdulhamid. Daga baya Ƙasimu ya bar ɗariƙa ya shiga Izala, aka yi musayar maganganu masu zafi, shekara talatin ke nan ko gaisuwa babu.

"Ba zai yiwu ba," in ji Malam. Can gidan su Suhaib ma amsar ke nan.

Ana cikin haka Rilwanu, wani muridin Malam mai shagon yadi da ya daɗe yana son Radiya, ya kawo labari wai an ji Suhaib yana cewa ranar da ta tare zai raba ta da carbi. Kwana uku ta ƙi ɗaukar wayar Suhaib, abinci ma sai an matsa mata. A na huɗu ta rubuta: "Gaskiya ne za ka hana ni wuridina? Kada ka lallashe ni, ka faɗa mini."

"Gimbiyata, ban faɗa ba. Ni ba na yi, kuma ba zan yi miki ƙaryar zan fara ba. Amma a kai na gan ki, a kai na so ki. Gobe bayan La'asar zan zo in maimaita a gaban Baba."

Ya kuwa zo. Radiya na laɓe a bayan ƙofar zaure, ta ji ya durƙusa ya faɗi maganar ba ragi ba ƙari.

"Yaro, ko don ka samu abin da kake so ba za ka ce za ka karɓi ɗariƙa ba?"

"Malam, in na yi maka ƙarya yau, da wane ido za ka ba ni amanarta?"

Malam ya sallame shi bai ce ya amince ba, amma Radiya ta ji ya ce, "Allah ya yi maka albarka."

Ita ma ba ta zauna ba. Ta hau keke ta tafi gidan Hajiya Mero, matar marigayi Malam Abdulhamid, ta zayyana mata komai tana hawaye. Tsohuwar ta aika a kira mata dattawan biyu, babu kuwa wanda ya isa ya ƙi zuwa.

"Ɗahiru, Ƙasimu," ta ce, "shekara bakwai ina tuƙa muku tuwo, kwano ɗaya kuke ci. Ban kira ku ku daidaita karatunku ba, kowa ya riƙe nasa. Amma yaran nan ba su san lokacin da kuka yi faɗa ba. Ku gaisa ina gani."

Alhaji Ƙasimu ne ya fara miƙa hannu. "Ɗahiru, ashe ka yi furfura haka?"

"Kai ma ka duba madubi," in ji Malam, sai dariya, sai hawaye. A nan suka amince da auren.

Da aka fara jan magana kan masallacin da za a ɗaura aure, Hajiya Mero ta yanke: a ƙofar gidanta. Ranar unguwar ta cika maƙil, masu rawani da 'yan agaji kafaɗa da kafaɗa. Radiya na cikin ɗaki, lalle ya kama raɗau, ta ji an ce a yi salati. Wasu suka ja Salatul Fatihi, wasu Ibrahimiyya, sannan "amin" ta tashi baki ɗaya.

Wayarta ta yi ƙara: "An ɗaura, matata."

Hajiya Mero ta dafa kanta. "Allah ya ba ku zaman lafiya, 'yar nan. Ya ba ku 'ya'yan da za su shiga gidan kakanninsu biyu da gudu."