Gwajin Ranar Alhamis

Tsofaffin zannuwa biyu. Audugar mata. Ruwan leda uku. Katin auren gata mai hotonsu su biyu.

Abin da ke jakar Juwairiyya ke nan. Tana bayan babur ɗin Surajo, saurayinta, sun baro Dandin Mahe sun nufi Bodinga, inda wata mata ke jiransu a bayan shagon magani.

Shekara biyu suna jiran gwamnati ta aurar da su. Makon jiya sunansu ya fito. Ranar Alhamis za a yi wa angwaye da amare gwaji, har da na ciki.

Nata cikin wata biyu ne.

"Tsaya," ta ce.

Ya tsaya a gefen gonar albasa, bai kashe babur ba.

"Mi ya faru, sanyin idona?"

"Ba ni iyawa."

"Haba, Juwai! Awa guda ce fa. Matar ta ce jini ne kawai..."

"Matar ba ta kwana da shi a cikinta."

Ya kashe babur.

"Da sun fitar da sunayen nan tun bara, da ba mu kai nan ba. Laifinsu ne, wallahi!"

"Gwamnati ce ta shiga rumfar albasa da mu?"

Ya sunkuyar da kai.

"Bara Baba ya ce ka kawo abin da kake da shi, ko tabarma ce, a ɗaura. Kai kac ce sai da gado da katifar gwamnati. Ni kuma na biye maka. Mu munka yi, Surajo. Shi wanga da ke cikina bai yi komi ba."

"In anka gano, an cire mu! Liman ba ya ɗaurawa sai kin haihu. Innata kuma tun jiya take faɗin a sa Kausar, ɗiyar ƙanenta, a gurbinki."

"Kai mi kac ce mata?"

"Ina sonki, kin sani..."

"Mi kac ce mata?"

Wata mota ta wuce da buhunan albasa. Ya bi ta da kallo har ta ɓace.

"Kai ni Bodinga," ta ce. "Gidan Gwaggo Dije."

Ya tada babur, suka kama hanya. Ta riƙe ƙarfen baya, ba rigarsa ba.

Gwaggo Dije, ƙanwar babanta, ta leƙo ƙofa da tsintsiya a hannu. Ta dubi fuskar yarinyar, ta buɗe jakar, ta ga zannuwan da audugar. Tsintsiyar ta faɗi.

"Innalillahi... An yi?"

"Ba a yi ba, Gwaggo."

"Ubanki ya sani?"

"Yau zai ji, daga bakina."

"Kin san ba ki sake shiga gidan biki a Dandin Mahe ba a nuna ki ba?"

"Na sani."

Juwairiyya ta zaro katin ta miƙa wa Surajo. So take ya ture hannunta. Ko ya yaga shi. Ko ya ce, mu tahi wurin Baba tare.

Ya karɓa. Ya sa a aljihun gaba, a hankali, don kada ya lanƙwashe.

Nan ta gama ganinsa.

"Juwai, ki sake tunani kafin Alhamis..."

Ta shiga, ta tura ƙofar langa-langar, ta sa sakata. Daga ciki ta amsa masa.

"Ka je gwajinka. Ni zan haife shi."