Wayar da Ba a Kashe Ba

Hannayenta biyu suna cikin kan wani direban babbar mota lokacin da wayarta ta yi ƙara.

A ɗakin tiyata, likitan da ya wanke hannu ya sa safar hannu ba ya taɓa waya. Nas ce ke ɗauka ta buɗe murya kowa ya ji, don yawanci kiran daga ɗakin gaggawa yake fitowa. Wannan karon ba daga can ba ne.

"Likitata, kina ina? Mama ta gaji da jira."

Malam ne, malamin lissafin da suka yi alkawarin aure. Yau za ta je gaishe da mahaifiyarsa, bayan an sha sa rana aiki yana cinyewa. Sai ga shi da hantsi an kawo direban, jini ya taru a ƙarƙashin ƙoƙon kansa. Babban likita ya ce ita za ta yi aikin, shi zai tsaya a bayanta. Shekara da shekaru tana riƙe wa wasu ƙarfe tana ɗinke fata, sai yau aka ba ta wuƙa.

Kafin ta amsa, wata murya ta shigo, ta 'yar ƙanwar Mama, wadda ta daɗe tana kai wa Malam girki ba wanda ya sa ta. Cewa take ai dama ta faɗa, asibitin nan fakewa ce kawai, macen da ke wuni cikin maza ina za ta san darajar uwar miji. Daga nan Mama da kanta ta karɓa, ta ce ko ta zo yanzu, ko a bar maganar auren.

Ba ta ɗaga ido daga kan aikinta ba.

"Yi haƙuri, masoyi... ba zan iya fitowa ba," ta ce. "Sista, kashe."

Ba ta rufe baki ba wata jijiya ta ɓalle, jini ya rufe wurin da take aiki. Nas ta jefa wayar kan tebur ta ruga ɗauko jini.

Ba ta ɗaga murya ba. A tsotse nan, a ƙara haske, a miƙo auduga. Babban likita ya tambaya ko ya karɓa. Ta ce a'a, ta ga bakin jijiyar, a bar ta. Hawayen da ya taru mata ta haɗiye shi, don idon da ya jiƙe ba ya ganin komai a madubin tiyata.

Da la'asar ta fito ta tarar da Baba, mahaifinta, a kan benci, hularsa a hannu. Shi zai kai ta gidan tun farko. Tun ranar da ta zaɓi aikin nan yake fargabar za ta tsufa a asibiti. Da ta gaya masa abin da ya faru, sai ya ce, "Auta, ko mu bari sai gobe, zukata su huce?"

"Yau, Baba."

Da suka isa gidan ta durƙusa gaban Mama, shatin takunkumin tiyata bai ma bar fuskarta ba. Malam yana tsaye a bakin ƙofa, ya kasa zama.

"Mama, ban zo da alkawarin ƙarya ba. Zan sake makara, ba sau ɗaya ba. Ina son ɗanki har cikin raina, amma ba zan bar mutum da kai a buɗe in fito ba."

Mama ta dube ta, ta ce:

"Ya rayu?"

Ta ɗago kai da mamaki. Malam ne ya yi bayani: wayar ba ta mutu ba, duk abin da aka yi a kunnensu aka yi shi. Da 'yar ƙanwar ta kai hannu za ta katse, Mama ta buge hannun. Haka suka zauna, tsohuwa tana ta addu'a ga mutumin da ba ta sani ba, har caji ya ƙare.

"Ya farka, Mama. Ya matse mini yatsa. Abin da ya fara tambaya motarsa."

"Maza ke nan," in ji Mama, tana goge ido da gefen mayafi.

Mama ta kama hannun likita ta riƙe cikin nata, ta tambaya ko ta ci wani abu yau. Ta girgiza kai. 'Yar ƙanwar ta miƙe za ta shiga kicin, Mama ta ce ta koma ta zauna.

Ta juya wajen ɗanta.

"Kai, tashi ka ɗumama wa matarka abinci. Gara ka fara koyo tun yanzu."